Jarumin da Ba Ya Sallama

Ran Asabar ɗin da ta wuce na zauna kwashe wani tsohon akwatin katako, saboda gara ta fara cinsa ta ƙasa. Can ƙarƙashin takardun makaranta sai ga wani ɗan littafi mai jan bango, ya yi laushi don tsufa, yana warin nan na takardar da ta shekara ba ta ga rana ba. Ina ɗaga shi wani tsagin kara ya zamo daga ciki ya faɗo a cinyata. 'Yata ta miƙo hannu za ta jefar da shi, ban san lokacin da na buge hannun ba. Ta tsaya tana kallona, wai a kan kara! To bari in gaya maka abin da na gaya mata.

Littattafan tara ne a jere, kuma duk na karance su, wasu har sau biyar. Kawuna ne ke sayo su a kasuwar Talata ta Mafara, in ya gama ya tura ƙarƙashin katifa, ni kuma in bi baya in zaro. Jarumin ciki tsohon ɗan sanda ne da ya ajiye aiki don an hana shi faɗin gaskiya. Ba mata, ba ɗa, ba gida. Baƙin babur gare shi da jaka guda, shayinsa ba sukari, maganarsa ba ta wuce biyu zuwa uku. Zai shiga garin da aka yi kisa ko fashi, ya yi ta kallon mutane bai ce musu uffan ba, ya tsinci abin da kowa ya tsallake ya jefa aljihu. Sai a shafin ƙarshe ya tara jama'a, ya fito da abin, ya nuna mai laifi da yatsa. Kafin a buɗe baki a gode masa ya tayar da babur.

Har gobe ina nan a kan bakana, na uku da na huɗu sun fi sauran nesa ba kusa ba. A na shida marubucin ya gaji, ya sa mutumin ya doke ƙarti goma sha biyu da hannu ɗaya, abin har ya ba ni kunya. Amma a lokacin wa ya isa ya kushe mini shi? Ka tuna, yarinya ce ni 'yar shekara goma sha biyu, a gidan da ke da mutum sun fi talatin. Ko atishawa na yi sai wata gwaggo ta tambayi dalili. Tsakar gida ba na ƙetare ta sai an aike ni sau uku. Sai ga mutum wanda ba mai aikensa, ba mai tambayarsa ina za shi. Wallahi son shi nake yi kamar in shige cikin littafin.

Ƙauyenmu yana tsakanin Mafara da Bakura, kuma duk yankin an san gidanmu saboda kakana, mahaifin babana. Mai bin sawu ne. In an saci saniya ko jaki ko raƙumi, tun daga Damri har ƙauyukan Maradun, shi ake aiko wa. Yadda ake yi a zamaninsu, in ka ɗauko sawun ɓarawo ba ka kutsa kai ƙasar wani gari haka kawai. Sai ka tsaya a iyaka, ka aika wa mai gari, ka gaishe shi, sannan ka ce kun kawo sawu. Daga nan nauyi ya koma kansu. Ko dai su fitar da sawun daga ƙasarsu su nuna inda ya bi, ko kuwa su nemo dabbar a cikinsu. In sun fitar, sai su haɗa ka da mutum guda ya raka ka gari na gaba, ya zama shaida. Da haka sawu ke tafiya hannu zuwa hannu har a cim ma abin da ake nema.

Ni ban riski ganiyarsa ba. Lokacin da na yi wayo cutar yanar ido ta riga ta rufe masa idanu, ba ya ganin komai sai haske da inuwa, masu aiko masa kuma sun daina. Kullum bayan la'asar yana zaune a kan buzu ƙarƙashin bedin ƙofar gida, wato bishiyar dogon yaro, ni kuma in zo in karanta masa. Malama yake ce mini don tsokana, ni ina ce masa Tsoho. Yana son labarin, kada ka ji yana musu, don in na makara har aikowa yake yi. Sai dai shi da jarumin ba sa ga maciji.

"Dakata, Malama. Wanga mutumin naki, ya shiga garin mutane bai yi sallama ba?"

"Tsoho, ai sauri yake yi."

"To mi za su gaya mai? Wa ya haihe shi ne, ba ya da kowa?"

Sai in murguɗa baki in ce kishi ne kawai, don shi jaki gare shi, wancan kuwa babur. Ya yi dariya har ya kama tari. Tun daga nan ba ya kiransa da komai sai marar sallama.

Akwai amininsa Bafillace da ke da ruga a bayan fadamarmu. Sun fi shekara arba'in tare, sun bi sawu tare tun suna samari. Bijiman huɗarmu guda biyu ma daga garkensa suka fito. Yana da ɗa saurayi, dogo, marar yawan magana, wanda ke kawo wa Tsoho kindirmo da sassafe. Mu yaran gida Yayan ruga muke ce masa.

Abin ya faru ne a farkon damina, an yi ruwan shuka, gero ya fara tsirowa, kowa na shirin huɗa. An ɗan yi yayyafi kafin asuba ya ɗauke. Gari na wayewa muka ji salatin innata daga bayan gida. Turaku biyu ba kowa, an yanka igiya, an ɓarka darni an fitar da bijiman. In ba ka yi noma ba ba za ka gane ba, amma rasa shanun huɗa a wannan mako rasa abincin shekara ne. Babana ya tsaya riƙe da guntun igiya.

Kowa ya yi cikin gari neman mutane. Ni kuwa zuciyata sai tsalle take yi, Allah Ya gafarta mini, don ga littafi ya biyo ni har gida. Na zagaya ta bayan darni ni kaɗai, ina tafiya a hankali ina ƙanƙance ido. Sai ga sanda a ƙasa, sandar kiwo mai ɗaurin jar fata a kai. Ko a mafarki na san ta, ta Yayan ruga ce. Tana kwance a gicciye, an ɗora mata dutse. Na ture dutsen da ƙafa, na ɗauke ta, na ɓoye cikin rumbu. Ban gaya wa kowa ba. Ai shi ma jarumin ba ya faɗa sai an taru.

Aka taru kuwa. Wajen hantsi ƙofar gidanmu ta cika, har mai gari ya zo. Ana ta shawara sai na fito daga zaure da sandar a bayana, na ratsa cikin maza, na ɗaga ta sama na ce ga abin da na tsinta a inda aka fitar da shanu. Har da ɗan shirun nan na yi kafin in ambaci mai ita, yadda ake yi a shafin ƙarshe.

Wurin ya yamutse nan take. Wani ya ce da ma bai kawo nono yau ba. Aka tura mai keke ruga, ya dawo ya ce tun asuba ba a gan shi ba. Baffana, ƙanen babana, mai zafin kai ne, ya ce ba sai an wahala ba, a je rugar a koro shanu huɗu a maimakon biyu. Samari suka fara shiga gida suna fitowa da gora. A nan ne na sauke sandar. A littafi in an nuna mai laifi labari ya ƙare ke nan, ba a taɓa gaya mini abin da ke biyo baya ba.

Tsoho bai ɗaga murya ba. Ya ce a miƙo masa sandar, ya shafa ta tun daga kai har gindi, sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Malama, yaya kinka iske ta? A yashe, ko a gicciye?"

Na ce a gicciye, da dutse a kai.

"Ɓarawo na gudu ya tsaya ɗora dutse?" Ya girgiza kai. "Alama ce. Haka muke yi ni da ubansa. In ka ga sawu mai kyau sai ka gicciya sanda bisa, don kada a taka. Yaron ga bin shanunku ya tahi, ke kuma kin ɗauke alamar."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Amma baffana bai yarda ba, ya ce tsoho na kare ɗan amininsa ne kawai. Aka yi ta ja. Ƙarshe mai gari ya yanke cewa a ba Tsoho zuwa magariba. In an ga shanu ko an ga gaskiya, shi ke nan. In ba haka ba, shi ba zai iya tare samari ba. Wani daga baya ya ce, a hankali amma kowa ya ji, makaho ne zai bi sawu?

Tsoho ya ji shi sarai. Ya ce a ɗaura wa jaki akumari. Sannan ya ce ni ce zan zama idonsa, tunda ni na ɓata, kuma idon da ke rarrabe ƙananan baƙaƙe a takarda ba zai kasa rarrabe kofato ba. Innata ta so ta hana, ya ce mata ɗiyar ta shiga maganar maza da ƙafarta, sai ta fita da ƙafarta.

Na kai shi inda na ture dutsen. Allah Ya taimake ni, ban taka wurin duka ba. Ya durƙusa, na kama hannunsa na ɗora a kan sawun. Ya daɗe yana bin gefensa da yatsu, yana tambayata abin da nake gani. Na ce takalmin taya ne, mai zane-zane. Ya ce in duba cikinsa da kyau. Na ce akwai 'yan ramuka ƙanana kamar an yayyafa gero. Ya ce to wannan sawun ya sha yayyafi, kafin asuba aka yi shi. Ya sa na nemo wani a kusa, na samu na takalmin roba, sumul, ba rami ko ɗaya. Ya ce wannan bai sha ruwa ba, daga baya ya zo. Sai ya zaro kara daga darni, ya tsaga, ya gwada tsawon sawun tayar ya karya daidai, ya ba ni ya ce in riƙe shi kamar raina.

Muka kama hanya, shi a kan jaki, ni a gaba ido a ƙasa, babana da baffana a baya. Ƙasa na ƙamshin ruwa, rana kuma ta fara zafi. Ɗaya daga cikin bijiman yana da tsagaggen kofato a ƙafar baya, shi nake bi. In ya ɓace mini a kan tsandauri sai Tsoho ya ce in bar ƙasa in dubi ciyawa, ina ta kwanta, ina aka gutsura. Muka bi burtali muka yi gabas.

Da muka kai iyakar gari na farko ya ce a tsaya. Ga sawu ina gani ƙuru-ƙuru ya miƙe, amma wai sai an kira mai gari. Aka kira shi, ya zo a natse. Sai gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya shuka, ina labarin wane, ashe wane ya rasu, Allah Ya jiƙansa, a shafa fatiha. Ni ina tsaye ina taka ƙafa ɗaya da ɗaya, ina kallon inuwa tana gajarta. Na matsa na raɗa wa Tsoho cewa da jarumin ne da tuni ya isa. Ya raɗa mini cewa da jarumin ne da tuni an rufe shi a zaure.

Sai bayan duk wannan ya ce, "Ranka ya daɗe, mun kawo sawu." Ka ga yadda fuskar mai garin ta sauya? Nan da nan ya tashi mutane. A cikin masu kallo wata tsohuwa mai itace ta ce ita kam ta ga wani dogon Bafillace da sassafe yana sauri, kansa a ƙasa, ko kallonta bai yi ba. Wani manomi ya nuna inda shanu suka taka masa kunya. Abin da zai ɗauke ni rabin yini ina lalube, suka fitar mana da shi kafin a sha ruwa. Suka haɗa mu da dattijo guda. A gari na biyu ma haka, gaisuwa ba a rage ko ɗaya ba, aka ƙara mana wani dattijon. A nan muka yi azahar.

La'asar ta kusa lokacin da muka shiga gari na uku, can wajen ƙasar Maradun. Tun daga nesa na hango bijimanmu ɗaure a gindin tsamiya. Na buɗe baki zan yi ihu, sai na ga abin da ke kusa da su. Yayan ruga ne zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannuwa ta baya, leɓensa a fashe, mutane sun kewaye shi. Ashe ya iske shanun a wani kwazazzabo inda ɓarawon ya ɗaure su ya ɓuya, ya kwanto su, ya ratso ta gonakin garin. Baƙo da shanun huɗa biyu, bai yi wa kowa magana ba, ba sanda a hannunsa. Suka kama shi. Duk rantsuwar da ya yi ba wanda ya saurara.

Na ce yau kam Tsoho zai yi sauri. Ina! Ya sauka daga jaki, aka shimfiɗa masa tabarma, ya fara gaisuwa tun daga farko, yaron na ɗaure a gabansa. Hawaye na zubo mini, ina jin kamar in shaƙe shi. Sai da na girma na gane cewa da ya fara da cewa ku kwance shi, da ya zama mai ba su umarni a garinsu, kuma da ba su kwance ba.

Da ya gama ya ce sun kawo sawu, ga shaidun gari biyu. Dattawan nan suka faɗi abin da suka gani. Sannan ya ce, "Malama, kawo karan." Ya sa aka miƙe ƙafar Yayan ruga, na ɗora karan a tafin takalminsa. Karan ya fi shi da kusan yatsa uku. Aka ɗunguma zuwa kwazazzabon, na nemo sawun taya a bakin yashi, na ɗora karan, ya zauna cif. Mai garin da kansa ya sunkuya ya kwance igiyar, ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Baffana ya rasa inda zai sa idonsa, shi ne ma ya ari keke ya yi gaba don ya riga magariba isa gida.

Tsoho ya lalubo kan Yayan ruga ya dafa. Na zaci zai yaba masa.

"Kai kuma, da kag ga darni a ɓarke, mi ya hana ka buga ƙofa?"

Ya ce ya ga hadari ne, ya ji tsoron ruwa ya wanke sawun, ya ce bari ya bi shi kaɗai ya fi sauri.

"Shi kaɗai! Kai ma littahin Malama kake karantawa?"

Duk da fasasshen leɓe sai da ya yi dariya. Ɓarawon dai ba a kama shi ba, mutanen garin sun fitar da sawunsa har bakin kwalta, a nan ya ɓace. A hanyar dawowa na yi ƙorafi cewa a littafi kullum ana kamawa. Tsoho ya ce shi shanu ya fito nema da mutuncin yaro, kuma ga su duka yana kora gida.

Ban taɓa ganin abin da ya kai shigarmu gari a ranar ba. Rana ta yi ja, bijimai a gaba, Tsoho a kan jaki ya miƙe wuya, samarin da suka fito da gora da safe su ne ke rige-rigen riƙe masa linzami. Wanda ya ce makaho ne zai bi sawu, shi ya sauke shi. Ni ce jikar wannan mutumin, kuma ni ce idonsa. Har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi girma.

Washegari ya sa aka kai ni ruga. Na durƙusa a gaban amininsa da matan gidan duka, na miƙa wa Yayan ruga sandarsa da hannu biyu, na faɗi da bakina abin da na yi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba wanda ya rage mini ita. Da la'asar na koma ƙarƙashin bedi, Tsoho ya ce to ina aka tsaya, marar sallama ya kama mutumin ko bai kama ba? Muka ci gaba. Mun gama na takwas tare, na tara ni kaɗai na karanta shi.

Yanzu ina koyarwa a Mafara, sunan da ya laƙaba mini ya bi ni. Ba mai kai sawu gari zuwa gari kuma. Wa zai tsaya a iyaka yana jiran mai gari, a hanyoyin da ko da rana sai da addu'a ake bi? Kowa ya san abin da mutanen Gidan Goga da makwabtansu suka gani a hannun 'yan bindiga. Rugar bayan fadamarmu ta tashi. In na ji ana hira ana cewa ai Fulani duk halinsu ɗaya, ba na iya yin shiru, don ni na taɓa ɗaga sanda a gaban jama'a ina da tabbaci, na kuma ga saurin da gora ke fitowa.

Yayan ruga ya tsufa, yana zaune a bayan gari. Shanunsa sun tafi a hannun ɓarayin daji, yana sayar da igiya ranar Talata. In ya tashi kasuwa yakan biyo ta gidana, ya tsaya a waje ya rangaɗa sallama sau uku ko da ƙofa a buɗe take, ya gaishe ni tun daga kan maigida har kaji. 'Yata takan yi ta ƙunƙuni wai gaisuwarsa ba ta ƙarewa. Bara ya zo da sandar nan, jar fatar ta koma baƙa. Ya ce ba abin da zai kora da ita yanzu, in ajiye, tunda da ma na iya ɗaukarta. Muka yi dariya, da ya tafi na shiga ɗaki na yi kuka.

Na mayar da karan cikin littafin, na sake musu akwati. Sandar kuwa ban jingine ta a lungu ba. A kan akwatin na gicciya ta, na sa 'yata ta ɗauko dutse daga waje ta ɗora da hannunta.